Ƙwayar Barcin da Muke Saya wa Tsofaffinmu



Abin da zan yi magana a kai yau a gidanmu ya faru, kuma da hannuna a ciki. Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Inna, tana zaune a wani ƙauye da ke gefen dajin Falgore, tsakanin Tudun Wada da Doguwa. Bayan rasuwar kakanmu barci ya ƙaurace wa idonta, sai ta kwana tana juyi tana jan carbi. Tausayinta ya kama ni, na tsaya a wani kemis na ce a ba ni maganin barci na tsohuwa. Aka ƙirgo mini diazepam, wanda mutane suka fi sani da Valium, ba a tambaye ni shekarunta ba, ni ma ban tambayi komai ba. Na kai mata ina ganin na yi biyayya.

Barci kam ya samu. Amma ba a yi mako biyu ba, wata asuba ta hunturu ta ɗauki buta ta nufi makewayi cikin duhu, jiri ya kwashe ta, ta faɗi, ƙashin ƙugunta ya karye. Wasu matan gidan suka ce aljanun makewayi ne, wasu suka ce ai tsufa ne. Aka fara kiran mai ɗori, da abin ya gagara muka bi ta Kwanar Dangora muka kai ta Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. A can likita ya yi mini tambayar da ba wanda ya yi a gida: wane magani take sha?

Abin da na fahimta daga baya shi ne, jikin tsoho ba ya fitar da magani da sauri kamar na saurayi, domin hanta da ƙoda sun rage ƙarfi. Diazepam da jikin ɗan shekara 20 zai rage rabinsa cikin kimanin kwana guda, a jikin mai shekara 80 yana iya ɗaukar kwana uku ko huɗu. Ke nan ƙwayar daren Litinin tana nan a jini lokacin da ta Talata da ta Laraba suka tarar da ita. Sai ka ga tsohuwa ta farka amma ƙafafunta ba su farka ba, in ta yi tuntuɓe hannunta ba ya saurin dafa bango.

Haka nan magungunan ciwon damuwa. Amitriptyline, wanda a nan ake ba tsofaffi har don ciwon jijiya da rashin barci, yana sa jini ya sauka idan mutum ya miƙe tsaye farat ɗaya, yana kuma kawo hazo a ido. Sababbin irin su fluoxetine da sertraline sun fi sauƙi ta wasu fuskoki, amma su ma suna ƙara haɗarin faɗuwa. Ko Piriton ɗin mura yana kashe jiki. Tun 1991 wani likita a Amurka, Mark Beers, ya fitar da jerin magungunan da ya kamata a yi kaffa-kaffa da su a kan tsofaffi, kuma bugun 2023 na jerin bai cire waɗannan daga ciki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi mutuwa ta wannan hanya.

Na san wani zai ce ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara, amma addinin da ya koya mana ita shi ne ya umarce mu da riƙo da sababi. Iyayenmu su ne masu tashi cikin dare don nafila, su ne masu alwala a jiƙaƙƙen wuri lokacin da ƙwayar ba ta sake su ba. Wanda ya saya musu ita ba tare da likita ba ya san da wannan.

Kada kuma a fahimce ni a baibai. Ciwon damuwa cuta ce ta gaske, ba raunin imani ba ne, kuma akwai tsohon da maganin ya zame masa dole. Wanda ya daɗe yana shan diazepam, yanke shi rana ɗaya na iya jawo masa kyarma har da farfaɗiya, sai dai likita ya rage masa a hankali. Abin da nake roƙo shi ne, in ka je gida ka tattara duk abin da tsohonka yake sha a leda guda, har da na kemis da na gargajiya, ka kai wa likita ko masanin magunguna ya duba. Ka ce masa ya riƙa zama a bakin gado na ɗan lokaci kafin ya miƙe, ka ajiye masa tocila kusa da matashi.

Inna tana raye, alhamdulillah, an kuma raba ta da ƙwayar. Sai dai tun daga ranar a zaune take salla, butar ma sai an kawo mata bakin ƙofa.