Tsadar Kayan Miya: Me Lambun Bayan Ɗaki Zai Iya Yi Mana?

'Yan'uwa, wanda yake so ya san halin da gida yake ciki a ƙasar Roni, ya leƙa tukunyar miya. Gidaje da yawa suna da gero da dawa a rumbu, tuwo bai yanke ba, amma miyar ta tsinke. Uwargida takan je kasuwa da kuɗin da a da yakan cika kwando, ta dawo da tumatir huɗu da ɗan attaruhu a ƙullin leda. Ita ce take fara sanin tsada kafin a faɗa a rediyo, yara kuwa su ne suke fara jin ta a jikinsu.

Mu fara da inda tsadar ta fito. A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a wurare da dama. A watan Yuni na 2023 aka saki darajar naira, sai taki, iri da maganin feshi suka bi sahu. Manomin rani a bakin dam ɗin Kazaure ko a Kadawa ta jihar Kano da fetur yake tayar da injin ban ruwa, kuma da mai ake ɗaukar kwandunansa zuwa kasuwar 'Yankaba ko Legas. Kowane tumatir da ya iso hannunka ya sha mai sau biyu. Zuwa tsakiyar 2024, alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna farashin abinci ya tashi da kusan kashi 40 cikin 100 a shekara guda.

Akwai kuma dalilin da ya girmi kowace gwamnati. Tumatir ɗan sanyi ne. Daga Janairu zuwa Maris yakan cika kasuwa har ya ruɓe a kwando don rashin mai saye. Da zafi ya shigo, furensa yakan kaɗe, da damina kuma cututtuka su kama shi. Shi ya sa daga wajen Mayu zuwa Agusta yakan zama sai mai hali. Ga kuma tsutsar nan da manoma suke kira sharon, wadda asalinta daga Kudancin Amurka ne. A 2016 ta cinye gonaki a Kano, Jigawa, Katsina da Kaduna, har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Ta sake yin ɓarna a 2024.

Don haka mu yi hattara da bakinmu a kan mai tebur da manomi. Da yawa cikin masu bi a ikkilisiyoyinmu manoman rani ne. Sun sayar da arha a lokacin yalwa, lokacin da farashi ya hau kuwa gonarsu babu komai. Tsadar da ta ƙona mai saye ba ta cika aljihunsu ba.

Shawarar da ake ta bayarwa yanzu ita ce kowa ya yi lambu a gida. Uwargidan shugaban ƙasa, Oluremi Tinubu, ta shirya gasar lambun gida a 2024. Dattawanmu za su tuna cewa a 1976 gwamnatin Obasanjo ta yi irin wannan kira da shirin ciyar da ƙasa. Shawarar tana da kyau, amma a faɗi gaskiya: buhu goma na alayyahu ba za su sauko da farashin mai ba, ba za su gyara hanya ba, ba za su gina wurin ajiyar kayan gwari ba. Wannan nauyi yana wuyan hukuma, kuma daidai ne mu riƙa tuna mata da shi cikin ladabi, musamman idan masu neman ƙuri'a sun zo.

Abin da lambun zai iya yi ƙarami ne, amma shi ne ya fi kusa da mu: ya hana miyar yaranmu komawa ruwa da gishiri a watannin wuya. Annabi Irmiya, a sura 29, ya rubuta wa mutanen da aka kwashe zuwa Babila cewa su gina gidaje, su dasa lambuna, su ci amfaninsu, ko da yake ba su ne suka zaɓi halin da suka sami kansu ba. Mu ma ba mu zaɓi wannan tsada ba, amma bayan ɗaki namu ne.

Sai dai lambun ya dace da ƙasarmu. Roni ƙasar duwatsu ce, ruwa yakan yi wuya da bazara, akuyoyi da kaji kuma ba su san iyaka ba. Wanda ya fara da tumatir a watan Afrilu zai yi asarar ruwansa ya kuma karaya. Na gwada haka a gidan fasto shekara guda, na sami ganye shar babu ɗa ko ɗaya, sauran kuma akuyar maƙwabci ta ƙarasa. Darasi na farko ke nan: shinge kafin iri. Ƙaya ko kara ko tsohuwar zana sun isa.

Na biyu, a shuka abin da ya san ƙasar. Zogale biyu ko uku a kusurwar gida, in sun kama, za su yi shekaru suna ba da ganye, ba sa neman ruwa mai yawa. Alayyahu yakan isa yanka cikin mako uku zuwa huɗu. Kuɓewa takan fara 'ya'ya cikin kamar wata biyu. Rama da yakuwa kuwa da damina kusan da kansu suke girma. Tumatir da attaruhu a bar su sai sanyi ya shigo.

Wanda ba shi da fili, tsohon buhun taki ya ishe shi. A huda ƙasansa, a cika da ƙasa, yashi da takin akuya da ya riga ya ruɓe, domin ɗanyen taki yakan ƙone shuka. Ruwan da aka wanke shinkafa ko ganye da shi kada a zubar a kwata, a ba shuka da yamma. Ruwan wanki mai omo da yawa kuwa a kiyaye shi. In ƙwari sun taso, a daka ganyen darbejiya, a jiƙa ya kwana, a tace a yayyafa.

Na uku, kuma watakila shi ne mafi riba, shanya. Iyayenmu mata ba su jira firji ba. A watan da tumatir ya yi arha, a saya a yanka a shanya kauɗa a kan tabarma mai tsabta, nesa da ƙurar titi. Haka kuɓewa da tattasai. Ganyen zogale da kuka a shanya su a inuwa domin kada su rasa amfaninsu. Kwandon da aka saya a Fabrairu shi ne miyar Yuni.

Ikkilisiya tana da nata rabo a nan. Majami'u da yawa suna da fili da shinge, wasu har da rijiya. Matasa za su iya renon dashen zogale da attaruhu a raba wa gidaje. Zumuntar mata za ta iya haɗa kuɗi a sayi kwanduna a lokacin arha, a shanya tare, a ware kason gwauraye da tsofaffin da ba su da ƙarfin ɗaukar bokiti. In an sami rara, a miƙa wa maƙwabci ko Kirista ne ko Musulmi, gama kasuwa ɗaya muke ci, farashi ɗaya ake faɗa mana.

Kafin Lahadi mai zuwa, maigida ya zagaya gidansa tare da uwargida, su nuna wurin da zogale zai tsaya, su kuma yanke wanda zai riƙa ba shi ruwa. Ubangiji ya sa albarka a aikin hannuwanmu. Amin.