Jaka 50 ga malami, kada namun dajinmu su ƙare a tatsuniya

Duk wanda ya tashi a Birnin Ƙonni, ko Malbaza, ko Illela, in dai ya haura shekara 40, ya san lokacin da ungulu ke cika mahauta ranar kasuwa har sai an kore ta da sanda. Yau a shiga lakkwal a tambayi yara wa ya taɓa ganinta: da yawa za su yi shiru. Tun 2015 ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da ke fuskantar ɓacewa, ta sa ungulun nan tamu ta gari cikin sahun masu bakin ƙarewa. Guba da cinikin sassan jikinta don magani ne suka cinye ta, alhali ita ce ke share mana mushe kyauta kafin ya zama cuta.

Doka akwai ta. Dokar farauta da kare namun daji mai lamba 98-07 tana nan tun 29 ga Afrilu 1998. To amma doka ba ta tsare tsuntsu daga danƙon yaron da bai san amfaninsa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mai tanƙwarar shi ne malamin lakkwal.

Wanda ke shakkar abin da wayar da kai ke iyawa, ya dubi raƙuman dawa na Kure. A 1996 ba su wuce 50 ba. A 2017 sun haura 600, saboda mazauna ƙauyukan sun yarda cewa dukiyarsu ce. Har a 2018 aka ɗebi 8 aka kai gandun Gadabeji, a jihar Maraɗi.

Ba mu ce a kwashi yaranmu a kai su Kure ba. Abin koyo yana bayan gari. Ga madatsun Mozage da Zango a kan Majiya. Ga tabkin Ɗan Dutsi, yamma da Illela, wanda aka sa cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi tun 2005, inda tsuntsaye daga Turai ke sauka da ɗari. Ga shamuwa mai yi wa manomi albishirin damina, ga balbela mai tsince fara a gona. Abin da malami ke bukata kaɗan ne: kuɗin amalanke ko mota na yini guda, littattafan rubutu, fentin zana dabbobi a bangon aji, da goron tsohon maharbin da zai zo ya faɗa wa yara sunan abin da ya gani da inda ya ɓace. Jaka 50 sun isa. Amma wane malami, balle na kwantaragi, zai fidda su daga albashinsa?

Darasi biyu ne ya kamata mu riƙe. A shekarun 1990 ƙungiyar CILSS, da kuɗin Tarayyar Turai, ta shigo da shirin PFIE na koyar da muhalli a makarantun firamare na ƙasashen Sahel, har da Nijar. An horar da malamai, an buga littattafai. Da mai kuɗi ya naɗe tabarmarsa, shiri ya bi shi. Zanen aro ba ya rufe katara.

Na biyu, a ƙarshen 2007 aka ba kwamitocin COGES na makarantu 500 a jihohin Tawa da Damagaram ɗan kuɗi kai tsaye. Masu binciken da suka bi sawun kuɗin sun tarar iyaye sun ƙara shiga harkar lakkwal, an yi gyare-gyare, amma karatun yara bai ƙaru ba. Ke nan kuɗi, in ba a ɗaure su da aikin koyarwa takamaimai ba, gini suke tafiya, ba kan yaro ba.

Don haka ga shawararmu. Kowace kwamin ta gundumomin nan uku ta ware ɗan asusu a kasafinta. Malamin da ke da niyya ya rubuta buƙatarsa a shafi guda: ina zai kai yara, me za su gani, nawa zai kashe. Kwamitin makaranta, da sufeton ilimi, da ma'aikacin gandun daji su zauna su zaɓa. A miƙa kuɗin ga malami a gaban iyaye, shi kuma ƙarshen shekara ya karanta lissafi a gabansu, yara su nuna abin da suka rubuta da abin da suka zana. Wanda ya ci amana, kada ya ƙara gani.

Malami 100, kowa jaka 50, miliyan 5 ke nan na sefa: ko kuɗin sabuwar motar ofis guda ba su kai ba. Ku ƴan kasuwa, masu albasar Galmi, dillalan siminti na Malbaza, masu fatauci a bakin iyaka, kowannenku na iya ɗaukar nauyin lakkwal ɗin ƙauyensu ba tare da jarinsa ya girgiza ba. Ku kuma ma'aikata, muna roƙonku abu guda: kada a mai da wannan magana taron ƙara wa juna sani a Tawa, inda kuɗin zama da na mai za su lashe rabon yara.

Zaki ya bar mu, jimina ta bar mu, ba wanda ya nemi shawararmu. Ungulu kuwa a gabanmu take tafiya. In muka bari ta bi su saboda jaka 50, ba mu da bakin zargin fari, ko Bature, ko Yamai.