A ba ɗalibi alƙalami ya auna darasin ƙabila da addini

Ƴan uwa matasa, ni dai na gaji da darasin “zaman tare” da ake karantawa kamar sanarwar rediyo. Malami ya shigo, ya ce dukkanmu ɗaya ne, a rubuta, a yi jarrabawa, a watse. Wa ya taɓa tambayar ɗalibi ko abin ya shige shi?

Mu a Diffa ƙabila da addini ba zancen takarda ba ne. Tun harin 6 ga Fabrairu 2015 a Bosso da Diffa, sau nawa aka kalli Babarbare ko Buduma da ido biyu saboda harshensa kawai? A Mayun 2015 aka kwashe mutanen tsibiran tafkin Chadi, da yawansu a ƙasa suka tako, aka kuma tsare Moussa Tchangari bayan ƙungiyarsa ta yi magana a kai. Mutanen Barwa sai a Yunin 2021 suka koma gida, su wajen 6,000. Ƴaƴansu na zaune a ajinmu. Darasin da ya tsallake wannan, me ya koyar?

Don haka nake kira ga Jami'ar Diffa, wadda aka kafa a 2014, da sauran jami'o'inmu: duk darasin da ya taɓa ƙabila da addini, a ƙarshensa a raba takardar aunawa, ba suna, a kuma bayyana sakamakon.

Za a ce ɗalibai za su huce haushi a kan malamin da ya faɗa musu gaskiya mai ɗaci. E, yana faruwa. A Amurka bincike ya sha nuna ana rage wa malamai mata da baƙaƙen fata maki a irin wannan aunawa. Maganin shi ne gyara tambayar. Kar a tambayi “ka ji daɗi?”. A tambayi: an bar ka ka yi magana? An yi wa ƙabilarka ko aƙidarka kuɗin goro? Wane ra'ayi ka shigo da shi da yanzu kake sake dubawa? Kuma kar takardar ita kaɗai ta yanke makomar malami.

Ƴan USN, ku sa wannan cikin buƙatunku, kusa da burs da abinci. Yarinyar da ta yi shekara shida tana gudun hijira daga bakin Komadugu ta isa ta ce darasin zaman lafiya ya yi ko bai yi ba.