Ba Shaiɗan Ne Ya Sayi Ashana Ba

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a ƙasarmu, na gaji da jinta, kuma da ita na ɗaura ɗamarar faɗa a wannan takarda. Maganar kuwa ita ce, "Sharrin Shaiɗan ne." Je ka ƙofar dagaci ko ta hakimi, ko ka zauna gaban alƙali a Kankiya ko Kusada ranar da ake shari'a, da wuya a tashi ba ka ji ta ba. Wanda ya fasa wa maƙwabcinsa kai da ƙota, ita zai faɗa. Wanda ya yi wa matarsa saki uku cikin fushi, ita zai faɗa. Wanda ya yi wa ɗiyar mutane ƙazafi har aurenta ya mutu, shi ma ita zai faɗa. Sai dattawa su girgiza kai, su ce a yi haƙuri, a shafa fatiha a watse. An ɗora wa Shaiɗan kaya, mai laifi ya koma gida sakayau, zuciyarsa kuwa tana nan yadda take, tana jiran wani karon.

Ban ce babu Shaiɗan ba, Allah ya tsare ni da faɗin haka. Abin da na ce shi ne mun mayar da sunansa bargon rufa, muna ɓoye ragwancinmu a ciki. Bari in ba ku labarin abin da na rubuta da hannuna, gama aikina na akawu ya sa na ɗauki bayanin mutane masu yawa.

A wani ƙauye tsakanin Kankiya da Kusada akwai wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, aka raba musu gonar gado biyu. Da rani ƙanen ya zauna gida yana jidar taki da jaki, wan kuwa ya tafi cin rani. Da kaka ta yi, ƙanen ya ɗaure gero dami 60, wan bai wuce 25 ba. Ranar da ake kai amfani gida wani tunani ya faɗo wa wan, watau ko yaron nan asiri ya yi ya janye masa albarkar gona. Bai kori tunanin ba, ya kwana da shi. Bayan kwana kaɗan ya faɗa wa wani abokinsa a dandali, abokin ya ce, "Ai ni ma na daɗe ina lura da take-takensa." Daga nan ya daina amsa gaisuwar ƙanen. Ya hana 'ya'yansa shiga gidan. Ran wata kasuwa ya sayo kananzir da ashana, ya ɓoye su kwana tara. Cikin wani daren hunturu ya sa wa rumbun ƙanen wuta. Iska ta kwashi wutar ta kai danga, daga danga ta kama ɗakin tsohuwarsu, da ƙyar aka fito da ita, awakinta duka suka ƙone.

Da aka tambaye shi dalili, ya sunkuyar da kai ya ce sharrin Shaiɗan ne. Ni kuwa na ƙidaya, daga ranar da tunanin ya zo masa zuwa daren wutar wata uku ne cur. Dare wajen 90 yana kwana yana tashi da abin nan, yana salla sau biyar a yini, ba ranar da ya ce da zuciyarsa ta yi masa shiru. To, jama'a, wa ya tafi kasuwa? Wa ya ciro kuɗi daga aljihu? Lalle ba Shaiɗan ne ya sayi ashana ba.

Wanda duk ya yi karatun allo har ya ji fassara ya san wannan uzuri ba shi da gindi. A cikin Suratu Ibrahim an ba mu labari cewa ranar ƙiyama Shaiɗan da kansa zai kakkaɓe hannunsa daga mabiyansa, ya shaida musu ba shi da wani iko a kansu in ban da kira da ya yi suka amsa, saboda haka su zargi kansu. Uzurin da mai shi ma zai ƙi karɓa gobe, don me mu ke karɓarsa yau? Ahalari, littafin da kowane ɗalibi ke farawa da shi a zaure, tun a shafukan farko ya lissafa ƙarya da giba da annamimanci da hassada da ƙiyayya cikin abubuwan da aka haramta. Ba a haramta wa mutum abin da ba shi da ikon bari. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu, wanda ya rasu a 1829, littafi guda ya wallafa kan yadda mutum zai tsarkake kansa daga halayen Shaiɗan, mai suna Tahzibul Insan. Da abin ya fi ƙarfin ɗan Adam, da bai ɓata tawadarsa ba.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bayyana cikin Ihya'u cewa tsakanin tunani da aiki akwai matakai huɗu. Na farko abu ya faɗo a zuciya. Na biyu rai ya karkata gare shi. Na uku zuciya ta yanke cewa ya kamata a yi. Na huɗu mutum ya ƙudurta niyya. Ya ce biyun farko ba a kama bawa da su, domin ba da zaɓinsa su ke zuwa ba. Wannan ya dace da hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa an yafe wa al'umma abin da zukatansu suka raya muddin ba su faɗa ba, ba su aikata ba. Saboda haka, ya kai mai karatu, in mugun tunani ya faɗo maka kada ka ɗauka ka lalace. Ba zuciyar da ba ta yin irin wannan baƙo. Amma baƙo dabam, mai gida dabam. Wanda ya shimfiɗa wa baƙo tabarma, ya kawo masa fura, ya ce ya ƙara kwana, ba shi da bakin cewa an shigo masa gida da ƙarfi.

Kada a ce ina wa'azi daga kan tudu, ni ma na taɓa faɗawa. Wata shekara aka ƙara wa wani abokin aikina girma, alhali na riga shi kama aiki. Raina ya ɓaci, barci ya ƙaurace mini. Na zauna da dare na rubuta takarda ba suna, na cika ta da zarge-zargen da ban ga ko ɗaya da idona ba. Kafin in aika, Allah ya sa na biya wurin tsohon malamina na allo, na karanta masa, ina tsammani zai ce na yi daidai. Ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce, "Ɗana, sa sunanka a ƙasa." Na ce, "Allah gafarta Malam, ai in na sa za a gane ni." Ya ce, "To, maganar da kai mai ita ka ke jin kunyar a gan ka tare da ita, don me za ka aike ta gidan mutane?" Ban sami amsa ba. Na koma gida na sa ta a murhu. Da a ce wurin wani na je, irin abokin mai rumbun can, da yanzu ina cikin masu cewa sharrin Shaiɗan ne.

Wannan ya kawo mu ga rabin laifin da ba a faye ambata ba, watau na masu zuga. Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Zuciya sarki ce, abokin hira shi ne bafadenta. Da wuya mutum ya haura daga mataki na biyu zuwa na uku shi kaɗai, sai ya sami wanda zai ce masa, "Ƙwarai kuwa, ni ma na ji." Abin da ke faruwa ga mutum guda shi ke faruwa ga gari, har ga ƙasa.

Ku tuna shekarar 2003, sa'ad da magana ta bazu cewa ɗigon rigakafin shan inna yana hana haihuwa. Tsoron mutane yana da tushe, gama a 1996, lokacin annobar sanƙarau, wani kamfanin Amurka ya gwada magani a kan yara a Kano, abin da ya jawo shari'a ta shekaru. Amma laifin wani kamfani bai zama hujja kan wani maganin dabam ba. Aka dakatar da rigakafi a Jihar Kano wajen shekara guda, sai a watan Yuli na 2004 aka koma. Cutar ta tsallaka ta shiga ƙasashe wajen 20 waɗanda da sun rabu da ita, har Yaman da Indunusiya. Yaran da suka shanye ba su san wanda ya fara maganar ba, shi kuwa yana tafiya da ƙafafunsa biyu.

Ku tuna kuma ƙarshen watan Maris na 2025, cikin azumi, da aka tare mafarauta mutanen Kano a garin Uromi na Jihar Edo, suna kan hanyar komawa gida salla. Aka ga bindigogin farauta, wani ya ce masu satar mutane ne, taro ya amsa, aka kashe 16. Duk ƙasar Hausa ta yi kuka, kuma ta yi gaskiya. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah, in aka yi ihun ɓarawo a kasuwarmu, mutum nawa ke tsayawa su tambayi abin da ya sata kafin su ɗauki dutse?

Na san abin da waɗansu za su ce. Za su ce zamani ya lalace, wanda bai yi zato ba ya kwana a daji. Za su kawo zancen Ƙanƙara, inda aka kwashe 'yan makaranta fiye da 300 a watan Disamba na 2020. Ban musa ba, tsoron nan gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce a kwana ƙofa buɗe. Amma tsantseni dabam, mugun zato dabam. Mai tsantseni in ya ga abin da bai gane ba, wurin mai unguwa ya kan je, ko dagaci, ko 'yan sanda, ya faɗi abin da idonsa ya gani, ba ƙari. Mai mugun zato kuwa ya kan dubi Bafulatanin da kakansa ya yi kiwo a dajin nan, wanda uwarsa ta shekara 30 tana kawo mana nono, ya yanke masa hukunci saboda sandarsa da malfarsa. In an taɓa marar laifi, danginsa su ƙulla, su ma su taɓa marar laifi, wuta ta tsallake danga kamar ta rumbun can.

Ku da kuka fito ajin yaƙi da jahilci, wannan magana ta fi shafarku. Da can in mutum zai yi annamimanci sai ya taka da ƙafarsa. Yanzu kun iya alƙalami, ga kuma waya a aljihu, saƙo ɗaya a WhatsApp zai tashi daga Yashe ya isa Katsina da Kano kafin mota ta bar tasha. Suratul Hujurati ta umurce mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi, ta kuma hana mu yawan zato. Karatun da bai hana mutum tura abin da bai tabbatar ba, wuƙa ce aka ba yaro.

Akwai kuma waɗanda baƙin tunaninsu ba kan kowa ya ke ba sai kan kansu. Za ka ga mutum ya daina cin abinci, ya daina shiga mutane, barci ya gagare shi, har ya riƙa cewa gara ya mutu ya huta. Nan ma sai mu ce Shaiɗanu ne, ko mu ce ba shi da tawakkali, mu ƙara masa kaya. Wani ma a kai shi gidan mari. Duk mun ji abin da 'yan sanda suka tarar a irin gidajen nan a Daura da birnin Katsina a watan Oktoba na 2019, mutane cikin sarƙa da tabon bulala. Wannan hali sau da yawa ciwo ne kamar sauran ciwo, yana da magani. A yi masa addu'a, a zauna kusa da shi, a kawar da igiya da maganin ƙwari daga inda ya ke, a kai shi babban asibitin Kankiya, in ya fi ƙarfinsu akwai asibitin Dawanau a Kano da na Barnawa a Kaduna. Tun watan Janairu na 2023 ƙasar nan ta sami sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a madadin tsohuwar ta 1958, saura mu mu sake namu halin.

To, mene ne abin yi? In mugun tunani ya zo maka, kira shi da sunansa, ka ce wannan hassada ce, wannan zato ne, domin ɓarawo ba ya son a ambaci sunansa. In fushi ne, bi abin da aka koya mana, ka nemi tsari, in kana tsaye ka zauna, ka yi alwala, kada ka yanke kome a daren. In ya ƙi tafiya, kai shi wurin wanda zai iya ce maka ba ka da gaskiya, ba wurin wanda zai ce ƙwarai kuwa ba. In kuwa kai aka kawo wa, tambaya ɗaya ta isa, "Ka gani da idonka?" Da abokin mai rumbu ya yi wannan tambaya, da tsohuwa tana nan da awakinta.

Ku kuma iyayenmu masu sulhu, ina roƙonku da girman Allah, in mai laifi ya ce sharrin Shaiɗan ne, kada ku yi saurin shafa fatiha. Ku tambaye shi ranar da abin ya fara, da wanda ya faɗa wa, da abin da aka ce masa. Ku bar shi ya ce, "Ni na yi," da bakinsa, sa'an nan a yafe. Tubar da ba mai laifi a cikinta ba tuba ba ce.

Allah ya ba mu ikon zukatanmu, ya tsare mutane daga harshenmu da hannunmu, amin.