Wa ya kwaikwayi wa? A bar Fatal Fury ya sha iska

Ranar nan a fada, shayi na kan wuta, wani abokina ya leƙo wayata ya ga ina buga Fatal Fury. Sai ya ce: "Kai har yanzu kana nan da Street Fighter ɗin talakawa?" Aka kwashe da dariya, har da ni. Amma maganar ta kwana da ni, shi ya sa na ɗauki biro.

A Akokan na tashi. A layinmu akwai wani shagon wasa mai tele biyu da manet huɗu. Dala biyar wasa ɗaya, wanda aka kayar ya miƙa manet ya koma bayan layi. A wurin mai shagon, duk wasan da mutum biyu ke dambe a ciki sunansa "Sitirit". Ka ce masa ya sa maka Fatal Fury, sai ya ce: "Wane, Sitirit mai jar hula?" Mai jar hular nan Terry Bogard ne, kuma ba gidansu ɗaya da Ryu ba.

Mu masu karatun ilimin harshe mun san wannan ciwon. Suna ɗaya yakan yi ƙarfi har ya haɗiye na ƴan'uwansa. Duk garin sabulu Omo ne, duk dunƙulen miya Maggi ne. A kasuwa wannan bai cuci kowa ba. Amma idan sunan ya haɗiye tarihi, har aka koma kiran mai abu ɓarawon abinsa, to dole a yi magana.

Ga tarihin. Street Fighter na farko ya fito a 1987, kuma Takashi Nishiyama ne ya jagoranci aikinsa a kamfanin Capcom na Japan. Daga baya ya bar Capcom ya koma SNK. Capcom ta ba wasu mutane aikin Street Fighter II, ya fito a farkon 1991. Shi kuwa Nishiyama yana can yana gina nasa, Fatal Fury, wanda ya fito a Nuwamba na shekarar a kan na'urar Neo Geo. Wato uban Street Fighter ne ya haifi Fatal Fury. To don Allah, yaya uba zai kwaikwayi ɗansa?

Ba zan rufe gaskiya ba. Street Fighter II ya zo da ƴan dambe takwas da za ka zaɓa, Fatal Fury na farko uku kacal: Terry, ƙanensa Andy, da Joe Higashi. Motsinsa ma akwai nauyi. Wannan zagayen Capcom ta ci, babu gardama. Amma ana yanke wa dambe hukunci da zagayen farko?

Ku duba abin da ya kawo. Filin faɗansa layi biyu ne, na gaba da na baya. Daga Fatal Fury 2 na 1992 kana iya tsallakewa ka kauce wa duka, ba sai ka tsaya kana karewa kamar bango ba. A wannan na biyun ne kuma, in jininka ya kusa ƙarewa, ake buɗe maka wani mugun duka na ƙarshe da zai iya juya wasan. Street Fighter bai samu babban duka na musamman ba sai 1994. A na farkon ma, in aboki ya shigo, sai ku haɗu ku biyu ku taru a kan na'ura, in kun kayar da ita sannan ku juyo kan junanku. Wanda ya taɓa zaman fada ya san wannan halin.

Sai labari. Geese Howard ya kashe mutumin da ya riƙe Terry da Andy suna marayu. Terry ya girma da ƙudurin ramuwa. A Real Bout na 1995, Geese zai faɗo daga saman bene, Terry ya cafke hannunsa, Geese ya fizge ya faɗa. Terry ya ɗauki ɗan maƙiyin nasa, Rock, ya rene shi, kuma yaron ne jarumin Garou: Mark of the Wolves na 1999. Riƙon maraya, marayan ma ɗan wanda ya cuce ka. Ku nuna mini irin wannan a wancan gidan.

Gasar da ke cikin Fatal Fury sunanta King of Fighters, daga nan KOF ɗin da kuke yabo ya samo suna a 1994. A 2024 Capcom da kanta ta sa Terry cikin Street Fighter 6. Mai gida ya shimfiɗa wa baƙo tabarma, ku ƴan kallo kuna can kuna kiransa jabu.

Me ya sa abin ya tsaya mini a rai haka? Ni ɗan Akokan ne. A Yamai in na faɗi garinmu, sai a ce: "To, Arlit ke nan." Iyayenmu sun shiga ƙarƙashin ƙasa a ramin COMINAK tun 1978 suna fiddo uraniyom, har aka rufe shi a Maris 2021. Iyalai da yawa suka watse, shagon wasanmu ma ya rufe. Amma sunan da duniya ta riƙe na maƙwabci ne. Ba na jin haushin Arlit, kamar yadda ba na jin haushin Ryu. Ina jin haushin lalacin bakin da ba ya iya riƙe suna biyu.

Don haka ga ƙalubale. Wanda ya ce Fatal Fury kwaikwayo ne, ya nemi Garou ya buga sati ɗaya, sannan ya same ni a fada. Shayi a kaina. In ya kayar da ni, zan miƙa manet in koma bayan layi kamar da. Amma ko ya ci ko bai ci ba, ya kira wasan da sunansa.