Aikin gida ma aiki ne, a ba mu kuran da rezo



Kowa ya san labarin. Yaro ya gama jami'a a Maraɗi, Damagaram ko Tawa, ya ɗauki diplom ɗinshi ya hau kar sai Yamai, wai can ne buro yake. Ya kwana ɗakin aboki wata da watanni yana yawon ajiye takardu. Alhali aikin da yake nema, fassara ne ko lissafin kuɗi ko zanen talla, da kwamfuta guda ana yin shi daga zauren gidansu.

Lokacin korona a 2020, da aka rufe Yamai ba shiga ba fita, ƙungiyoyi da yawa sun ci gaba da taro ta Zoom da WhatsApp, aiki bai tsaya ba. To me ya sa yau sai an ga fuskarka kowace safiya kafin a yarda kana aiki?

Na san abin da za ku ce: ina wutar? Gaskiyarku. A watan Agusta 2023 Najeriya ta yanke mana kuran, lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutarmu daga can take zuwa, ba ta maido ba sai Maris 2024. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 ta rage zafi a Yamai, amma madatsar Kandaji har yau muna jira. A Fabrairu 2021, bayan zaɓe, an toshe intanet ɗin salula kwanaki kusan 10. Mai jiran aikinka a Dakar ko Abijan ba ruwanshi da wannan, wani zai ba.

Aiki cikin tafiya kuwa, ku manta da hoton bature a bakin teku. Namu shi ne kilomita kusan 900 daga Yamai zuwa Damagaram, kwamfuta bisa cinya, rezo ya zo a Dogon Dutsi ya ɓace, sai Birnin Ƙonni.

Akwai kuma ta cikin gida. In kana ɗaki, Inna ta ce tashi ka sayo gawayi tunda zaune kake. In mace ce, ga girki ga goyo. A fada kuma a ce maka ɗan zaman kashe wando. Mu zauna da iyaye mu faɗa musu awoyin aikinmu, ranar da kuɗi suka shigo kuma su gani a tukunya.

Ga roƙonmu. Magadan gari su ware ɗaki a gidajen matasa, da faifan sola da intanet mai ƙarfi, tunda Starlink ya samu izini a ƙasar nan. Masu ɗaukar ma'aikata su auna aikin da aka kawo, su daina ƙirga zaman kujera. Mu kuma mu cika alkawari kan lokaci, don mutum ɗaya in ya yi sakaci ya ɓata wa saura.

Kai da ke aiki daga gida, me ya fi ci maka tuwo a ƙwarya, kuran, rezo ko mutanen gida?