Filin Uwargida: Wace Wuƙa Za Mu Saya?

A wannan wata za mu yi magana a kan wuƙar madafa, gama Kirsimeti ya ƙarato, gidaje da yawa kuwa za su sayi sabuwa domin aikin nama. Kuɗi ba ya samuwa da sauƙi, saboda haka ya kamata mu san abin da mu ke saye.

Baƙin ƙarfe zalla ba ya riƙe kaifi, gama ba shi da tauri sosai. Abin da ke taurara shi shi ne ɗan sinadarin gawayi, wato kabon, wanda a ke haɗawa da shi. Kaɗan ne ƙwarai: a wuƙa mai kyau ya kan kama daga rabin kashi 1 zuwa wajen kashi 1 cikin 100. In ya gaza, wuƙa ta dakushe da wuri. In ya yi yawa, bakinta ya riƙa ɓantarewa.

Wuƙaƙen kasuwa iri biyu ne. Na fari su ne baƙaƙe, irin waɗanda maƙeranmu su kan ƙera da tsohon sifirin mota. Maƙeri ya kan gasa ƙarfen har ya yi ja, ya tsoma shi cikin mai ko ruwa domin ya taurara. Irin wannan wuƙa tana da kaifi, ba ta kuwa da wuyar wasawa. Aibinta ɗaya ne, tsatsa. In ta kwana da ruwan tumatir ko na lemun tsami a jikinta, da safe za a ga alama.

Na biyu su ne farare masu ƙyalli. A 1913 wani Bature mai suna Harry Brearley, a garin Shafil na Ingila, yana neman ƙarfen da zai jure a bakin bindiga, sai ya sami haɗin da ba ya saurin tsatsa. Asirin kuwa wani ƙarfe ne, kuromiyam. In ya kai wajen kashi 11 cikin 100, ya kan haɗu da iska ya yi wata siririyar fata a jikin wuƙa, wadda ido ba ya gani, ita ce ke tare tsatsa.

Ku duba rubutun da ke jikin wuƙa. Stainless, ko Inox, ko Rostfrei, duka ma'anarsu ɗaya ce, wato marar tsatsa. Amma wannan bai ce kome a kan kaifi ba, gama akwai farare masu araha waɗanda kabon ɗinsu ya gaza. A kan wuƙaƙen Jamus sau da yawa a kan ga X50CrMoV15. Lamba 50 tana nufin kabon rabin kashi 1, lamba 15 kuwa kuromiyam kashi 15 cikin 100. Wannan haɗi ne mai kyau domin aikin gida.

To, wacce za mu zaɓa? Mai yawan aikin nama, wadda ba ta ƙyuyar gogewa, baƙa za ta yi mata. Mai yawan yanka kayan miya ta ɗauki fara. Kowacce mu ka saya, mu wanke ta, mu share ta ta bushe, baƙar kuma mu shafa mata ɗan man gyaɗa. Farar ma kada a bar ta cikin ruwan gishiri, gama ya kan ci jikinta. Mu yi yanka a kan katako, ba a kan dutse ko faranti ba. Kada mu sa wuƙa a wuta domin liƙe bokitin roba, gama zafi ya kan kashe taurin da maƙeri ya ba ta.

Daga ƙarshe, mu riƙa wasa ta a kai a kai. Dakusasshiyar wuƙa sai an danna ta da ƙarfi, nan ne ta kan zame ta sami yatsa. Bayan aiki kuma mu ajiye ta inda hannun yara ba zai kai ba. Sai wata mai zuwa.